Hayaƙin Ɗakin Jego

Bana marka ta zauna mana a Kazaure ta ƙi tashi. Rana ta yi ɓatan dabo, wanki ba ya bushewa, bangon ɗakuna ya sha ruwa har ya fara fitar da warin rima. A cikin wannan ruwa ne autata Zainabu ta zo wankan gida da jaririyarta, ni kuwa na ɗaura ɗamara zan yi mata jego irin wanda aka yi mana. Na tanadi turaren wuta mai kyau, na sayo maganin sauro na kunnawa, na sa aka cika mini buhu da gawayi.

Ba a jima ba jaririyar ta fara atishawa da ɗan tari. Sai ga surukina, mijin Zainabu, wanda yake aiki a sakatariya, ya shigo rungume da wani farin akwati da tsayinsa bai wuce na turmi ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Hajiya, na'urar tace iska ce. Don Allah a ajiye ta a ɗakin mai jego."

Na ce, "Iska kuma ake tacewa yanzu? Ni dai na san a tace ƙullun koko."

Ya yi dariya, ya buɗe bayanta ya nuna mini, ashe maganata ba ta yi nisa da gaskiya ba. Fanka ce a ciki mai zuƙo iskar ɗaki ta tura ta cikin rariya hawa-hawa. Ta farko tana tare gashi da zare da tarkacen da ido ke gani. Ta tsakiya fara ce sol, ita ke kama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, irin na hayaƙi da na rimar bango. Ta ƙarshe gawayi ne aka cusa a ciki, aikinsa shanye wari. Sai iskar ta fito ta sama a wanke. Akwai wani ɗan ƙwan fitila a goshinta, idan iskar ɗaki ta ɓaci ya yi ja, idan ta gyaru ya koma kore. Ya jona ta da batirin sola, don wutar garin nan sai ta ga dama take zuwa.

Ranar farko na shiga da kaskon turarena. Kafin in kai tsakiyar ɗaki ƙwan nan ya yi jawur, fankar ta hau gurnani. Zainabu ta ce, "Mama, kin ga ta kai ƙararki." Na ce ashe inji ma ya iya tsegumi. Na fita da kaskona ina mita. Amma gaskiya ɗaya ce, tun da aka rage turaren, aka ajiye maganin sauro aka koma gidan sauro, abin nan kuma yana ta zuƙa yana fitarwa, warin rima ya bar ɗakin, atishawar jikata ta yi sauƙi.

Jiya surukin nawa ya zo zai kakkaɓe rariyar farko. Ya zaro ta tsakiyar ya nuna mini. Wadda na gani fara sol ta koma ruwan toka, wani gefen har ya yi baƙi. Ya ce, "Duk wannan da cikin ƙirjinsu zai tafi, Hajiya. Idan ta cika sai a sauya wata." Yana ta bayani, ni kuwa na daina jin sa. Na san wannan baƙin. Na taɓa goge irinsa da bakin zanena daga hancin jariri, a wata marka irin wannan, shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Lokacin Jigawa ba ta daɗe da zama jiha ba. Ina da cikin fari, aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, ruwa ya ɗauke a lokacin da gero yake fitar da kai. Saboda haka tun kafin a yi shuka rumbunanmu sun fara sauƙi. Baba yakan shiga rumbu ya daɗe, ya fito da dami ɗaya, ya miƙa wa Inna ba tare da ya dube ta ba. Da aka kama noman firi, tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana sai kwaɗo. Inna takan fita da ƙwarya da sanyin safiya ta dawo da tafasa da rama da yaɗiya, a dafa, a matse, a barbaɗa ƙuli-ƙuli in akwai, in babu gishiri da barkono su wadatar. Har yau in na ji ƙamshin dafaffiyar tafasa sai yunwar nan ta faɗo mini a rai, ko da na ƙoshi.

Amma ba zan ce muku mun zauna muna tagumi ba. Daminar wannan shekarar ta zo da kyau, gero ya yi kore shar, ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa. Mutum yana jin yunwa amma yana kallon abincinsa yana girma a gona, wannan kuwa yunwa ce mai sauƙin ɗauka. Kullum akwai gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Daga tsakar gida nakan jiyo ganga da ihun samari suna tsere a kunya. Mata su kai musu kunu, su kuma su leƙa cikin ƙwarya su ce yau ma an kawo musu madubi, don tsabar ruwansa mutum yana hango fuskarsa. A yi dariya, a shanye tas, a koma kan fartanya.

Sai marka ta sauka. Ba ruwa ba ne mai tsawa da iska wanda zai zuba ya wuce. Yayyafi ne siriri, a kwana da shi a tashi da shi. Tsakar gida ta zama taɓo, kaji suka takure a gindin rumbu, kwaɗi suka karɓe gari da waƙa. Gishiri ya narke a cikin ƙoƙo, ashana ta ƙi kamawa, sai an je maƙwabta ɗebo wuta a kasko ana kare ta da faifai. A cikin wannan ruwa na haihu. Namiji.

Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ita ta karɓi haihuwar, ita ce kuma mai wankan jego. Gajeriya ce, siririya, amma idan ta yi magana a tsakar gidanmu ana ji a bakin rijiya. Rabin matan ƙauyen ta hannunta suka bi. Tana ɗaga yaron ta ji ruwa a kan jinka, ta ce, "To, Anaruwa, ka iso." Laƙabin nan ya bi shi har yau. Gwaggo tana da abokin gaba ɗaya a duniya, shi ne sanyi. Duk ciwon da mace za ta yi har tsufanta, na baya ne, na gwiwa ne, ko na haƙori, a wurin Gwaggo sanyin jego ne ya shige ta saboda an yi mata wanka na ganganci.

Saboda haka jegona ya tafi a kan tsari. Da asuba a hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya. Ruwa ya tafasa, Gwaggo ta ɗauko dunƙulen ganyen darbejiya ta tsoma, ta dinga fyaɗa mini a jiki ina cije leɓe, don mai jego ba ta kuka. Daga nan sai kunun kanwa mai kauri, mai yaji, cike da ƙwarya. Sai daga baya na gane cewa geron kunun nan shi ne tuwon gidan gaba ɗaya. Su suna cin ganye, ni ina shan kunun da ludayi ke tsayawa a ciki, kuma babu wanda ya taɓa nuna mini a fuska. Bayan kunu in hau gadon ƙasa, wanda aka gina da rami a ƙarƙashinsa, a cika ramin da wuta, in kwanta ina gasuwa har la'asar, a sake wani wankan.

Itacen jego a kan miji yake. Maigidana, Allah ya jiƙansa, saurayi ne a lokacin mai yawan kunya, daga wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Karan bara ya ƙare, busasshen itace kuwa a markar nan sai dai labari. Yakan shiga daji ya saro sabara da kalgo, ya ɗora wa jaki, ya biyo taɓo da su har ƙofar gidanmu, shi da jakin da itacen duk suna ɗigar ruwa. Ya sauke a zaure, ya gaida Baba kansa a ƙasa, ya juya. Itacen nan in an sa shi a wuta sai ya yi ta kumfa ta gindi yana tsuwa, hayaƙi fari mai kauri yana tuƙewa daga jikinsa.

Ga kuma ɗakin. Ɗakin jinka ne, tsoho, da marka ta yi nisa ya fara yoyo daidai kan gadon. Baba ya yi dabara. Ya tattaro buhunan taki na leda, ya farke su, ya ɗinke da igiya, ya hau ya lulluɓe jinkar tun daga ƙololuwa har baki, ya ɗaure tamau. Ko ɗigo bai sake sauka ba. Maƙwabta suka dinga zuwa kallo, Baba yana tsaye yana shafa gemu kamar wanda ya yi rufin kwano. Gwaggo ta sa masa albarka, sannan ta bi ɗakin da nata aikin. 'Yar tagar da ke bango ta cusa mata tsumma. Ƙofa ta sakar mata asabari, ta ƙara da tsohon bargo. Duk inda ta ga haske yana leƙowa sai ta toshe, tana cewa ta nan sanyi yake satar hanya.

A wancan zamani babu wanda ya ɗauki hayaƙi a matsayin abin gudu. Shi ke korar sauro, shi ke hana gara cin jinka, a cikinsa ake rataye zangarniyar iri don kada ƙwari su taɓa. Mun tashi a cikinsa, tufafinmu ƙamshinsa suke yi. Amma na wannan ɗaki daban ne. Da can yakan tashi ya ratsa ciyawar jinka ya fice, yanzu ya je ya tarar da leda sai ya dawo. Ya taru a sama, ya sauko a hankali har ya kai daidai gado. Idan na ɗaga hannu ba na ganin yatsuna sosai. Idona ya yi ja, maƙogwarona ya dinga ɗaci.

Ni babba ce, zan iya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yaron, kuma a nan ne bakina yake a ɗaure.

'Yan yanzu ba za su gane ba. Zainabu tana rungume 'yarta ta fari a gabana, ta kira sunanta, ta sumbace ta, ta ɗauke ta hoto a waya ta aika wa duniya. Mu a lokacinmu ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka kiran sunansa, ba ka kallonsa, ba ka ɗaukarsa. In ya yi kuka sai ki yi kamar ba ki ji ba, har sai wata babba ta ɗauko shi ta dangwara miki a cinya tana faɗa, sannan ki ba shi nono fuskarki na kallon bango. Wadda ta nuna damuwa da ɗan fari ta shiga bakin mata ke nan har ta yi jika. Ni kuwa na iya wannan kunya ƙwarai. Matan da ke zuwa barka suna fita suna cewa, "Kai, 'yar Malam Sule akwai alkunya, ko kallon inda yake ba ta yi." Ba su san cewa da zarar asabari ya faɗi a bayansu nakan jawo shi in yi ta kallo ba, in shinshina wuyansa, in buɗe ɗan tafin hannunsa in rufe. Ina son yaron nan son da ban san akwai irinsa ba.

Tun kafin suna na fara jin wani abu a numfashinsa, wani ɗan fito siriri a ƙirji. Ranar suna aka fitar da shi rumfar tsakar gida wanzami ya yi masa aski. Na leƙa ta gefen bargo. Ya yi kukan aska, ya gama, ya yi barci a hannun Inna, ƙirjinsa yana hawa yana sauka lafiya lau. Aka daɗe da shi a waje ana karɓa hannu-hannu, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ana dawo mini da shi ɗaki, kafin a jima, fiton ya dawo. Na sa bakin zanena na goge masa hanci, zanen ya fito da baƙi kamar na goge gindin tukunya.

Daga ranar na san abin da ke damun sa. Yadda zan faɗa ne ban sani ba.

Na fara da kewaye. Na ce, "Gwaggo, idona yana yaji."

Ta ce, "Jego ke nan. Wadda idonta bai yi ja ba ai ba ta gasu ba."

Na jira Inna ta kawo kunu, na ce a hankali, "Inna, ɗakin nan bai cika hayaƙi ba kuwa?" Ta dubi sama, ta dubi inda yaron yake kwance, na ga ta fahimta. Amma Inna ta fi tsoron Gwaggo a kan kura. Ta ce, "Gwaggonki ta fi mu sani," ta ɗauki ƙwarya ta fita.

Sai na koma sata. In Gwaggo ta tafi salla, in miƙe in zare tsumman tagar, in kwantar da yaron a ƙarƙashinta. Kafin ta dawo in mayar. Wata rana barci ya ɗauke ni ban mayar ba. Ta shigo ta gani, ta tafa hannu ta ce, "Wane ɓeran ne yake ja mini tsumma?" Ta ɗauki yaron ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta ji fiton. Fuskarta ta canza, don Gwaggo ma tana son sa, ita ce ma aka yarje wa ta nuna. Ta ce, "Na faɗa! Sanyi ya kama ƙirjin yaron nan. Ta wannan kafar ya shigo." Ta shafe shi da man shanu, ta naɗe shi da zane biyu, ta sa aka ƙara itace a ƙarƙashin gado. Ta ce gobe da kanta za ta kwaɓa ƙasa ta liƙe tagar, kowa ya huta.

Kashegari ita ce ranar gayyar Baba ta maimai. Mutane suka fita da sassafe, amma kafin hantsi yayyafin ya zama ruwa sosai, ya koro su gida. Zaure ya cika, rumfar tsakar gida ta cika da maza jiƙe sharkaf suna jiran kunu, mata suna ta kai da komo. Maigidana ma ya iso da jakinsa, ruwa ya tare shi, dole ya raɓe a gefen rumfar a cikin surukansa. Gwaggo ta cusa sabon itace a ramin gado, ta fita bayan ɗaki, ina jiyo ta tana kwaɓa ƙasa.

Itacen ya fara tsuwa. Hayaƙi ya turnuƙe. Yaron ya fara tari, ya yi, ya yi, sai tarin ya daina fita. Ya buɗe baki babu sauti. Na ɗaga shi zuwa ɗan hasken da ke shigowa ta gefen bargo, na ga leɓensa ya yi duhu.

Ban san lokacin da na sauko daga gado ba. Na ture bargo da asabari da kafaɗa, na fito tsakar gida babu mayafi, babu takalmi, rungume da ɗan fari a ƙirjina, na ratsa taɓo na shiga rumfar nan cike da maza. Na tsaya a gaban Baba, maigidana yana gefe, na ce da ƙarfi, "Baba, ɗana ne! Hayaƙin ɗakin nan zai kashe mini shi. Wallahi ba zan mayar da shi ciki ba."

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Har ludayin da ke hannun Inna ya tsaya a sama. Maigidana ya sunkuyar da kai kamar zai shige cikin rigarsa. Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu, ɗana ta ce?"

Gwaggo ta zagayo da ƙasa dumu-dumu a hannu. "Ke! Mai jego a cikin ruwa? Kin haukace ne? Kawo shi nan!"

Na ce, "Gwaggo, ki yi mini duk abin da za ki yi, amma ki saurare shi tukuna."

A daidai nan yaron ya ja wata iska mai tsawo, jikinsa ya girgiza, ya yi atishawa, wata baƙar majina ta fito. Sai ya tsala kuka. Kuka na gaske, mai ƙarfi, irin wanda tun da aka haife shi ban ji ya yi ba. Ni da ban yi kuka a ƙarƙashin tafasasshen ruwa ba, sai ga hawaye yana bin fuskata a gaban kowa.

Gwaggo ta goge hannu a zane ta karɓe shi. Ta dubi abin da ya fito daga hancinsa. Ta kara kunne a ƙirjinsa ta daɗe. Sannan ta miƙa wa Inna shi, ta taka zuwa ɗakin, ta ɗaga bargo ta shiga. Ba ta jima ba ta fito tana tari, idonta yana ruwa. Ta ja da baya ta tsaya a cikin yayyafi tana kallon rufin. Kowa ya bi idonta da kallo. Ɗaki cike da wuta, amma ko silin hayaƙi ba ya fita ta sama.

Na ɗauka za ta ce ta yi kuskure. Wa ya ga Gwaggo! Ta juya kan Baba. "Sule! Tun kana tsirara nake gasa masu jego a ɗakin nan, hayaƙi yana fita ta jinka abinsa. Kai ne ka zo ka sa wa ɗaki hula, ka toshe masa hanci!" Baba ya buɗe baki zai tuna mata albarkar da ta sa masa, ta riga ta wuce kan maigidana. "Kai kuma, angon ƙarni, itace aka ce ka kawo ko rake? Wannan in an matse shi ai sai a cika tulu!" Wani daga cikin 'yan gayya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sai rumfar gaba ɗaya ta ɗauka. Baba ma yana yi yana share ido.

Gayyar da ruwa ya kora daga gona sai ta koma kan ɗakina. Samari biyu suka hau suka yanke ledar daga ƙololuwa, suka bar ta a gefen da ke yoyo kawai. Ana ɗagawa hayaƙi ya tashi sama tuƙuƙu, yara suna ihu suna nunawa. Aka kwashe ɗanyen itacen daga ramin gado. Baba ya ƙwanƙwasa bango ya zaɓi wuri can sama, daura da tsohuwar tagar, aka huda a hankali don ƙasar ta jiƙe. Inna ta kawo wuyan wani fasasshen tulu aka zura a ramin, ƙasar da Gwaggo ta kwaɓa don toshe taga ita aka liƙe gefensa da ita. Mata suka shiga da tsintsiya mai dogon kara suka kakkaɓo kunkunniyar da ta yi shekaru tana lilo a rufin, suka fito baƙi ƙirin sai haƙora, ana ta tsokanar juna. Maigidana ma bai zauna ba. Ya kafa 'yar bukka a gefen madafa, ya jera itacensa a kusa da murhu don ya sha zafi ya bushe.

Gwaggo ta kafa sabuwar doka kamar ita ta ƙirƙiro ta tun farko. Wuta a waje za a hura, itace ya cinye ya gama hayaƙinsa, garwashi kawai za a kai ƙarƙashin gado, tagogin nan biyu kuma kada wanda ya taɓa mata su. Ni kuwa ta tasa ni gaba da faɗa, ta sake dafa ruwa, ta yi mini wankan da ya fi na kullum zafi saboda taɓon da na taka. Tana fyaɗa mini ganye tana cewa, "Marar kunya. A gaban ubanki. A gaban mijinki. Ɗana!" Amma da ta gama, ta ɗauko shi ta sa mini a hannu, ba ta ce in juya fuska bango ba.

Da la'asar ɗin nan na kwanta a ɗakin da nake ganin rufinsa. Iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shigowa ta taga ɗaya tana fita ta ɗaya, gado yana da ɗuminsa, yaron yana barci. Fiton bai tafi a ranar ba. Ya dinga raguwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda markar ma ta dinga sassautawa. Wata safiya rana ta fito, aka baza tabarmi da zannuwa a kan danga, na kara kunnena a ƙirjinsa na saurara, ban ji komai ba sai bugun zuciyarsa.

Kafin in yi arba'in gero ya nuna. Baba ya karyo zangarniyar farko aka gasa tumu a tsakar gida, aka murza a faifai, kowa ya cika baki yana tauna yana hamdala. Yunwa ta tafi. Abin da bai tafi ba shi ne sunan da na samu. Daga ƙauyenmu har na su maigidana, babu mai kirana da sunana sai Ɗana-ne. In na je rijiya, "Sannu da zuwa, Ɗana-ne." In na je biki, a tashi wata ta kwaikwayi yadda na ratsa taɓo. Na sha tsiya iri-iri, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Kunyar kuwa na koma na ɗauki abata daga inda na ajiye ta. Sau ɗaya ɗin nan ne. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, in zan yi maganarsa sai in ce yayansu Zainabu. Ya girma, ya yi karatu, yana koyarwa a makarantar firamare, shi ne kuma ladanin masallacin unguwarmu. Idan ya kama kiran sallar la'asar yakan ja shi da numfashi ɗaya, ya yi ta tafiya bai yanke ba, har sai ka ce yanzu zai tsaya, sai ya ƙara. Maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, wannan ɗan naki akwai ƙirji, tubarkalla."

Nakan ce, "Wa? Ban lura ba."

Amma buta tana hannuna, ba na zuba ruwan alwala sai ya kai ƙarshe.